Mai Wanki Zai Bar Duniya Ranar Asabar

Wani ne, ma'aikaci a shagon wanki da guga. Mutumin kirki, ba ruwansa da kowa. Amma fa duk abin da hannunsa ya taɓa sai ya lalace. A ba shi farar riga ya wanke, ta dawo ruwan hoda. A ba shi wando ya goge, ya dawo da taga a gwiwa. Ga tumbi, ga tsoron bisa. Ko kan kujera ya hau zai sauya ƙwan lantarki, sai matarsa ta riƙe masa ƙafa yana salati.

Wata rana ya je aski. Shagon cike da mutane, an kunna talabijin ana kallon wani fim na ban dariya. Labarin wasu marasa sa'a ne, da mai gadin da ba ya iya hana idonsa barci, da direban da aka kora, da wani mai tumbi, aka kwaso su ana ba su horo za a tura su duniyar wata. A juya su a inji su yi amai. A ce su danna kore su danna ja. Kowa a shagon dariya yake har da riƙe ciki.

Shi kuwa gogan naku sai idonsa ya kawo ruwa.

Mai aski ya ce, "Lafiya? Yankan ka na yi?"

Ya ce, "A'a. Dubi mai tumbin can. Yadda ya faɗi ɗin nan, haka nake faɗuwa. Yadda ake masa tsawa, haka ake mini. Amma ga shi an sa masa fararen kaya, jama'a na ɗaga masa hannu."

Mai aski ya ce, "Ai kuwa wani kamfani ya zo garin nan zai shirya irin wannan fim ɗin. Suna can tsohon sito na bayan tasha, suna neman waɗanda za su fito a 'yan sama jannati."

To, lokacin injin askin yana daidai kunnensa yana kuka. Injin ya cinye "fim", ya cinye "fito". Abin da ya shiga kunnen mutumin kawai shi ne kamfani, bayan tasha, suna neman 'yan sama jannati.

Ya ce, "Sai masu digiri ko?"

"Wane digiri? Cewa suka yi ba sa son gwanaye. Wanda bai iya komai ba, wanda da ka gan shi dariya za ta kama ka, shi suke nema."

Ya miƙe zumbur, rabin kai a aske, rabi da suma.

"Tunda uwata ta haife ni ban taɓa jin aikin da na cika sharuɗɗansa kaf ba sai yau!"

Mai aski na kira, "Dawo in ƙarasa maka!" Ina! Har ya sha kwana.

Ya iske matarsa a tsakar gida tana shanya. Ya tsaya a gabanta yana haki.

"Ke, na yanke shawara. Wajen wata za ni."

Ta saki zanen da ke hannunta. "Wata wa?"

"Wata dai da kika sani. Fari tas, ga haske, kowa na ɗaga kai yana kallo."

"Malam, da wannan rabin kan naka ka je ta gan ka?"

"Ba mace ba! Na sama! Wanda ke fitowa bayan magariba!"

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ɗauki zanenta ta kakkaɓe. "Au, to da sauƙi. Wata nawa za ka yi a can?"

"Wata nawa kuma? Ɗaya ne ai. Kin taɓa ganin biyu?"

Daga ranar gidan nan bai sake zama lafiya ba. Ya ce horo ya fara. A fim ya ga 'yan sama jannati ba sa cin abinci a kwano, matsowa suke daga roba. Sai ya yanke gindin robar man goge baki, ya dame ayaba ya ɗura a ciki, ya zauna yana matsawa a baki. Bai wanke robar ba. Yana ci kumfa na fitowa.

Matar ta ce, "Da daɗi?"

Ya ce, "Ba don daɗi ake yi ba. Amma bakina bai taɓa yin sanyi haka ba."

Ya ce kuma a sama ba a kwanciya, a tsaye ake barci. Ya buga ƙusoshi a bangon ɗaki, ya shiga buhu, ya sa ta ɗaure shi da igiyar shanya. Barcin rana ya kwashe shi a haka. Can sai ga maƙwabciya ta shigo aron turmi, ta ga buhu a jikin bango da kan mutum yana minshari. Ta fita da ihu, takalmi ɗaya a ƙafa.

Matar ta kwance shi tana huci. "Malam, ka ji ni da kyau. Ka matse ayabarka, ka rataye kanka, ban hana ka ba. Amma ranar da haukan nan ya taɓa aikinka, gidanmu zan tafi, in bar ka da buhunka."

Ya ce, "Za ki gan ni a talabijin."

Washegari a wurin aiki ya tsaya yana kallon babban injin busar da kaya, irin wanda ake zuba barguna a ciki. Injin ya lalace, an cire masa wuta, amma gangar tana juyawa da hannu. Ya kira abokin aikinsa mai guga, wanda ake ce wa Dogo.

"Dogo, zan shiga, ka juya ni."

"Ka jiƙe ne?"

"Horo ne. Ka juya da ƙarfi. Ko na yi ihu kada ka tsaya. Ko na ce ka ji tsoron Allah kada ka tsaya. Duk cikin horon ne."

Dogo mutum ne mai cika umarni. Ya rufe murfi, ya kama ganga, ya shiga juyi.

Zagaye na farko mutumin ya ce, "Madalla!"

Bai yi nisa ba ya ce, "Dogo, ya isa!"

Dogo ya ƙara ƙarfi.

"Dogo, ka ji tsoron Allah!"

Dogo ya ce, "Horo na tafiya daidai," ya tuɓe riga ya sa hannu biyu.

Suna cikin haka sai ga mai shago ya shigo da wani babban abokin ciniki, yana nuna masa yadda suke kula da kayan mutane. Ya ji inji na ƙugi yana kiran sunan Allah.

"Dogo, me ke cikin injin nan?"

"Horo ne, Maigida."

Mai shago ya buɗe murfi. Ma'aikacinsa ya gangaro ƙasa kamar ƙullin wanki. Ya miƙe, ya yi taku biyu hagu, ya yi uku dama, ya rungume baƙon nan don kada ya faɗi. Ayabar safe da man goge baki suka ce su ma sun gaji da zama. Duk a kan farar rigar baƙo.

Mai shago ya nuna masa ƙofa. "Fita! Na kore ka!"

Ya ce, "Wace daga ciki, Maigida? Ƙofofi huɗu nake gani."

Bai iya komawa gida ba. Ya san abin da ke jiransa. Daga nan ya zarce bayan tasha yana tangaɗi, ya shiga layin masu neman a ɗauke su. Da aka zo kansa, aka shigar da shi wani ɗaki. Ga darakta a zaune, wani gajere mai gilashi, ga mataimakiyarsa, ga kyamara a kan ƙafafu uku.

Darakta ya dubi rabin askin, ya dubi tumbin, ya gyara zama. "Ka taɓa yi?"

"Sau ɗaya, Yallaɓai. Ɗazu, a injin busar da kaya."

Mataimakiya ta toshe baki.

"To, nuna mana yadda za ka yi tafiya a kan wata."

Ya ɗaga ƙafa a hankali, ya buɗe hannuwa kamar zai kama kaza. Ƙafar ta sarƙe da waya. Wayar ta jawo fitila, fitila ta bugi fanka, fanka ta kwashe takardun kan tebur ta watsa ɗaki. Shi kuma yana ƙasa, ƙafa ɗaya a sama, bai daina tafiyar ba.

Darakta ya cire gilashi yana share hawaye. "Kana da tambaya?"

"Ina da ita, Yallaɓai. Idan mai ya ƙare mana a hanya, akwai gidan mai, ko turawa za mu yi?"

Mai kyamara ya sulale ƙasa don dariya.

"Sannan ina roƙon alfarma. Kada a ba ni kujerar taga. Ina da tsoron bisa."

Darakta ya jawo mataimakiyarsa ya raɗa mata, "Wannan gwani ne. Dubi fuskarsa, ko murmushi babu. Kada wanda ya ba shi rubutun labari. A bar shi ya faɗi duk abin da ya zo bakinsa." Sannan ya juyo ya miƙa masa hannu. "Mun ɗauke ka. Ranar Asabar za a fara ɗauka."

"Asabar za a ɗauke mu?"

"Da safe."

"Kyamarar nan fa?"

"Ai duk duniya sai ta gan ka."

Ya fito yana ji kamar tumbin ma ya rage nauyi.

A gida kuwa labarin kora ya riga shi isa. Matar ta haɗa akwati, ta kira mahaifiyarta. Ya shigo ya tarar da surukarsa zaune a kan kujera, fuska a murtuke, maƙwabta sun leƙo ta taga. Ya durƙusa ya gaishe ta.

Ta ce, "Ɗan nan, me nake ji haka? An ce ka shiga inji?"

Ya sunkuyar da kai. "Mama, duk abin da na yi muku ku yafe mini. Ranar Asabar zan bar duniya."

Suruka ta zaro ido.

"Wa ya gaya maka?"

"Masana ne, Mama. Yau suka duba ni. Suna ganina suka ce ba sai an ɓata lokaci ba. Har babbansu sai da ya share hawaye."

Suruka ta ɗora hannu a ka ta rushe da kuka. "Wayyo ɗan nan! Shi ya sa aka ce kumfa na fita a bakinsa!"

Matar ta ce, "Mama, ki tsaya ki ji. Wata yake nufi."

"Wane wata, 'yar nan? Ya ce Asabar! Ko sati bai kai ba! Mayar da akwatin nan ciki, marar tausayi!"

Kafin yamma unguwa ta ɗauka. Masu dubiya suka cika gida, wannan ya kawo lemo, wancan ya kawo madara. Mai aski ya zo da injinsa ya ƙarasa askin, yana yi yana jan majina. Mai shago ma ya zo, Dogo na biye da shi.

Mai shago ya kama hannunsa. "Ban san abin da kake ciki ba ke nan. Na janye kora. Aikinka na nan."

"Na gode, Maigida. In na dawo zan ci gaba."

Mai shago ya juya ya dubi jama'a. "Allah sarki. Har ya fara sambatu."

Wani tsoho ya matso ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗana. Hanyar kowa ce, duk can za mu."

Ya ce, "A'a, Baba, ba kowa ake ɗauka ba. Sai an tantance."

Asabar ta zo. Ya yi wanka, ya yi sallama da kowa, ya fita da ƙafarsa, mata na kuka suna mamakin ƙarfin hali irin nasa. Matar kaɗai ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu. Ta ce, "In ka ga ana sayar da hankali a can, ka taho mana da shi."

A sito aka shigar da shi ta ƙaramar ƙofar baya. Aka sa masa fararen kaya masu kumburi, aka kifa masa hular kwano. Ga kumbon tafiya wata a tsaye, an yi shi da katako da kwali an shafe shi da fenti mai ƙyalli. Ya ƙwanƙwasa jikinsa ya ji ba nauyi. Ya gyaɗa kai. "Dole. In ya yi nauyi ai ba zai tashi ba."

A ciki ya tarar da abokan tafiya, wata mace da wani siririn mutum, tsofaffin 'yan wasa ne. Macen na taunar cingam, siririn na latsa waya.

Ya ce, "Ku ba kwa jin tsoro?"

Siririn ya ce, "Tsoron me? Ni sauri ma nake, ina da wani aikin da la'asar."

"Yau ɗin? Kai, akwai maza a duniya!"

Aka rufe ƙofa. Muryar darakta ta fito ta lasifika. "Kowa ya shirya! Goma! Tara! Takwas!"

Mutumin ya buga bango. "Ku tsaya! Wanda zai tuƙa mu ɗin ne bai iya ƙirge ba? Baya-baya yake yi!"

A waje darakta ya cije hannunsa, ya yi wa mai kyamara alama kada ya tsaya. Aka saki hayaƙi. Wasu ƙarti suka kama kumbon daga waje suna jijjigawa. Wani yana buga ganga da ƙarfe.

"Wayyo Inna! Direba, a hankali, akwai rami! Akwai mai sauka! Na ce akwai mai sauka!"

Ya ƙanƙame siririn har wayarsa ta faɗi. Da ya buɗe ido ɗaya ya leƙa taga, sai ya ga baƙin labule da ƙananan fitilu.

"Taurari! Ga su nan kusa, kamar in miƙa hannu! Ashe har da waya a jikinsu, shi ya sa ba sa faɗowa!"

Jijjiga ta tsaya. Aka buɗe ɗaya ƙofar, wadda ke kallon cikin sito. An zuba yashi da toka, an jera duwatsun kwali. Manyan fitilu na dukan idonsa, ba ya ganin kowa a bayansu. Ya sauko da baya. Ya taka ƙasa. Ya sake takawa.

"Ni ne? Ni da ake riƙe wa ƙafa a kan kujera?"

Ya ɗaga kai. Can sama ga duniya, wata babbar ƙwallo mai shuɗi da kore, an sa mata ƙwan lantarki a ciki an rataye. Ya shiga ɗaga hannu yana ihu.

"Ke! Fito tsakar gida ki ɗaga kai! Mama, ga ni nan! Maigida! Dogo, juyinka bai tafi a banza ba!"

Yana rufe baki aka ɗauke wuta.

Fitilu suka mutu. Taurari suka mutu. Duniya ta yi baƙi ƙirin.

"Innalillahi! An ɗauke wutar duniya gaba ɗaya! Ai na san ranar na zuwa!"

Can sai ga hasken tocila na tahowa. Wani mutum ne da singileti da silifa, riƙe da jarkar mai, ya ratso ta tsakiyar wata yana tsaki. Gogan ya yi tsalle ya cafke shi.

"Mutum ko aljan?"

"Mai janareta ne. Sake ni."

"Ina hularka? Da me kake numfashi?"

"Da hanci."

"Ya aka yi ka zo nan?"

"A babur."

"Babur? Ta wace hanya?"

"Ta bayan tasha. Gaba ta cushe."

Gogan ya zauna daɓas a kan dutse, dutsen ya lotse. "Ashe akwai yanke. Aka bar ni na sha ganga a banza."

Darakta ya taho da hasken waya, yana dafe da ciki. "Ya isa, ya isa! An tsaya. Cire hular ka sha iska, ka yi ƙoƙari."

"Yallaɓai! Kai ma ka zo? A bayansa ka hau?"

"Cire hular mana, gumi kake."

"In cire in mutu? Ka rufe bakinka, Yallaɓai, iskarka za ta ƙare!"

A nan ne darakta ya daina dariya. Ya haska fuskar mutumin, ya dube shi da kyau. Ya juya ya dubi mataimakiyarsa. Ya sake dubansa.

"Bawan Allah, tsaya. Kai a zatonka ina kake yanzu?"

"A wata mana."

"Fim ne fa! Wasa muke! Kumbon kwali ne! Wannan toka ce daga gidan burodi! Waccan ƙwallo ce, ni na hura ta da bakina!"

Mutumin ya dafa kafaɗarsa cikin tausayi. "Na gaya maka ka sa hula. Ga shi ya fara taɓa maka kai."

Darakta ya daka tsawa. "Ku buɗe babbar ƙofa!"

Ƙarti suka ja ƙofar ƙarfen gaba, wadda mutumin bai taɓa bi ta cikinta ba. Rana ta faɗo ciki. Ga titi ya cushe, motoci na ta oda. Ga masu babur na zagin juna. Ga mai lemo, ga mai gyaran takalmi, ga wata mata na ciniki da mai tumatir kamar za su daku.

Darakta ya kamo hannunsa ya kai shi bakin ƙofa. "To, duba da idonka! Me ka gani?"

Mutumin ya tsaya ya daɗe yana kallo ta cikin gilashin hularsa. Ya dubi hagu, ya dubi dama. Sannan ya girgiza kai.

"Kai, mutanenmu ba su da dama! Har sun riga mu zuwa sun kafa kasuwa?"